Dashen Da Na Kai Kebbe

Da ana mayar da abin da ya wuce, da kwandon nan zan fara mayarwa. Kwando ne cike da dashen tumatir, wanda na ɗauka da hannuna daga lambuna da ke bayan garinmu, kusa da Dogon Daji, na kai shi Kebbe. Ba wanda ya aike ni, ba wanda ya roƙe ni.

Tun da na dawo 'yan majalisarmu suke damuna da tambaya. Me ya riƙe ka? Ka ce kwana kaɗan za ka yi, ga shi ka kusa cinye wata biyu, ka dawo a rame, ba ka son magana. Wasu har suna zolayata wai aure na ɗaura a ɓoye. Na gaji da cewa lafiya lau. Ga abin da ya faru, na rubuta shi da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci, kowa ya karanta ya bar ni in huta.

Ta'aziyya ce ta kai ni. Mahaifin surukina Nasiru ne ya rasu. Nasiru shi ne mijin ɗiyata ta fari, wadda ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda muka tashi muka tarar ana yi. Tun da aka kai ta ɗaki, Ta Kebbe muke ce mata a gida. Na daɗe ina ji a bakin mata cewa Nasiru da mutanen unguwarsu sun buɗe lambun gayya saboda 'yan gudun hijirar da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan daji. Ni kuwa a lambu na ƙare ƙarfina. Sai zuciya ta ce mini, mai lambu kamarka bai kamata ya je hannu rabbana ba.

Ina da ragowar dashe na irin kamfani, mai manyan 'ya'ya. Ranar da nake cire shi na ga wasu ganyaye da farin zane, kamar an ja zare a cikinsu. Na san abin. Tsutsar nan ce da ke shiga tsakiyar ganye ta cinye shi daga ciki, sannan ta koma kan 'ya'yan. A wajenmu ba ma tayar mata da hankali da wuri, domin feshi muke yi a kai a kai, har mun manta yadda ɓarnarta take idan an bar ta. Na tsinke ganyayen da idona ya gani, na yar, na jiƙa buhu na rufe sauran. Wannan shi ne wurin da ba zan iya cewa ban sani ba.

Zuwa Tambuwal ba wahala, kwalta ce. A tasha aka fara jira, domin motar Kebbe ba ta cika da wuri yanzu, mutane sun rage zuwa. Na ajiye kwandon na tafi yin alwala, kafin in dawo wata akuya ta tura kai ƙarƙashin buhun tana ci. Na bi ta da sanda har bayan rumfar mai shayi, ina zagi kamar ba dattijo ba. Mai shayin ya yi ta dariya.

"Baba, bar ta! Ita ma ɗiyar wani ta. Mi a ciki, zinari?"

Na ce masa abin da ke ciki ya fi zinari. Yau idan na tuna akuyar nan sai in ce ita ce kaɗai ta so ta taimake ni a tafiyar, na kore ta.

Da muka bar kwalta sai hira ta mutu a motar. Ba wanda ya ce a yi shiru, ita ta mutu da kanta. Na ga gonakin da karan dawa ke tsaye ba a yanke ba, tsuntsaye sun cinye zangarniyar, rani ya busar da sauran. A garinmu ko malalaci ba ya barin kara a tsaye haka. Wata mata da ke zaune gefena, da muka zo wata 'yar hanya da ta ratse cikin daji, sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ba ta buɗe ba sai da muka wuce da nisa. Ban tambaye ta ba.

Gaba kaɗan akwai shingen 'yan sa-kai, kusa da inda ake cewa ƙasar Tambuwal ta ƙare ta Kebbe ta fara. Gungumen ice ne aka gicciye a hanya, ga samari da bindigogin gargajiya da layu har wuya. Aka ce kowa ya sauka. Suka tambayi kowa garinsu da sunan wanda zai je wurinsa. Ɗaya ya ɗaga buhuna da bakin bindigarsa, ya leƙa.

"Tumatir za ka kai Kebbe, Baba? Can ma Allah ya ba su ƙasa."

"Irin wanga ba su da shi," na ce.

"To wuce, Allah shi tsare. Kai dai ba ka ɗauke da abin da ka cutar da kowa."

Motar ba ta kai mu ba. Wani abu ya karye a ƙarƙashinta a cikin yashi, direba ya shiga ya fito ya ce sai dai kowa ya nemi kabu-kabu. Na hau bayan wani saurayi mai gudu kamar ana binsa, kwando a kan cinyata. Iska ta ɗauke hulata, na ce ya tsaya, ya ce nan ba wurin tsayawa ba ne, hula ta zama sadaka. Ruwan shan da ya rage mini a gora, a kan buhun na juye shi don kada dashen ya yi laushi. Na shiga Kebbe kai ba hula, maƙogwaro a bushe, amma dashe sharaf.

Suruki ba ya kwana a gidan ɗiyarsa, wannan su da mu duk ɗaya ne. An sauke ni a shagon Malam Labbo, limamin unguwar, mutum mai sanyin magana. Nasiru ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, na yi masa ta'aziyya, kansa a ƙasa. Ta Kebbe ta zo daga baya, ta tsaya nesa, ta gaishe ni a taƙaice, na amsa ina kallon tabarma. Haka muke tun tana yarinya. Aka aiko da tuwon dawa da miyar sure, an ji daddawa sosai, ba ɗanɗanon kanti ko kaɗan. Na ci na ƙoshi.

Abin da ya bambanta su da mu yanzu ba a tuwo yake ba. Su tun rana ba ta faɗi ba suke cin na dare, kowa ya shige gida. Ba hira a ƙofar gida. Kuma idan suka ce maka an kwana lafiya, ba gaisuwa ba ce kawai, suna tsayawa su ji amsar.

Da gari ya waye aka kai ni lambun. A bakin fadama yake, an kewaye shi da darni, rijiya ɗaya a tsakiya. Filin na marigayi mahaifin Nasiru ne, shi ya bayar tun yana da rai. Ba mai karɓar lada a cikinsa. Kowane gida yana ba da safiya guda. Na ga tela yana jan guga, na ga malamin makaranta yana sassabe, mahauci yana kawo taki daga mayanka a amalanke. Matan 'yan gudun hijira su ke da ban ruwa da cirar ganye. Alayyahu, rama, sure da zogale kullum ake tsinka a raba, ba a kai komai kasuwa. Tumatir kuwa, wanda ya ci fiye da rabin lambun, ba don ci yanzu ba ne. Idan ya nuna sai a yanka a shanya ya zama kauɗa, a raba wa gidajen baƙin, da ita za su yi miya tun daga zafi har ruwa ya sauka ganyen daji ya fito. Lokacin da na je ya fara ɗaura 'ya'ya, kore shar, gwanin sha'awa.

Malam Labbo ya gaya mini dokokinsu biyu: ba takin zamani, ba maganin feshi. Toka suke barbaɗawa, su jiƙa ganyen dogon yaro da barkono su yayyafa da tsintsiya. Na yi dariya a cikina, na ce wannan ai wasan yara ne. Sannan na sa aka kawo kwandona, na buɗe shi a gaban kowa, ina jin kaina kamar wanda ya zo da bijimin sa.

Akwai wata tsohuwa a cikin baƙin, Inna Kulu, ita ce kamar uwar matan. Ta sunkuya ta ɗauki dashe ɗaya, ta juya bayan ganyen, ta daɗe tana kallo. Ta ɗago ta kalli Nasiru. Nasiru ya kalli ƙasa.

"Baba," ya ce da ƙyar, "da an ɗan ajiye shi can gefe, shi huta..."

"Dashe ba ya hutawa a kwando, yaro. Tun ba a haife ka ba nike wanga aiki."

Shi ke nan. Inna Kulu ta mayar da dashen a hankali, ta ce, "Allah shi amfana." Akwai wani fangali da suka gyara kusa da rijiya, wuri mafi kyau a lambun, tsakiyar tumatirinsu. Shi suka ba ni, domin ba a kai kyautar suruki bakin darni. Na dasa da hannuna, ina yi ina koya musu tazara.

Na yi shirin komawa ke nan labari ya zo an tare mota a hanyar da na biyo, an shiga daji da mutanen ciki. Direbobi suka ajiye. Aka ce a jira. Ina cikin jira zazzaɓi ya kayar da ni, irin wanda ban taɓa yi ba, ya sake ni ya dawo, ya sake ni ya dawo. Malam Labbo ya yi ɗawainiya da ni kamar ɗan'uwansa. Kullum Nasiru yana zuwa bakin ƙofa. Kullum ina tambayarsa, yaya tumatirina? Ya ce, "Shina nan, Baba."

Ranar da ƙafata ta ɗauke ni na koma lambun, zafi ya riga ya shigo. Tun daga ƙofar darni na ga abin. Fangalina ya zama kamar an bi shi da wuta, ganye ya koma fatar albasa. Na kewayensa duk sun kama. Idan ka girgiza reshe sai 'yan ƙananan malam-buɗe-littafi masu ruwan toka su tashi. Na tsinki ɗan tumatir ɗaya na matsa, ga huda, ga tsutsa a ciki. Mata suna bin layi suna tsinke ganye ɗaya ɗaya da hannu, wasu suna yayyafa ruwan dogon yaro. Na ga wurare fili inda suka tuge nasu shukar. Amma idona bai gane abin da yake gani ba.

Na ɗaga murya na ce wannan ba aikin tsintsiya ba ne, a samo wanda zai nemo magani a cikin gari, ni zan saya, ni zan yi feshin. Inna Kulu ta miƙe daga inda take durƙushe.

"Malam, ka ga rijiyar ga? Ita muka sha. Ka ga ganyen ga? Yau a cire, yau a ci, yara ma ɗanye suka ci. Ni a hanyar gudu jikana ya ji ƙishirwa, ya tsinci gora a bukkar wata gona ya sha. Ta maganin feshi ta. A bayana ya cika, ban sani ba sai da munka iso. Ranar da anka buɗe lambun ga, gaban Liman munka yi alkawari. Kai baƙo na, ba ka nan."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni ban yi ba. Kunya ta juye mini ta zama fushi. Na ce to sun ga abin da taurin kai ke jawowa, na kawo musu iri mai kyau tun daga Tambuwal sun bar shi ya lalace. Na faɗi wannan a gaban mutanen da suka yi makonni suna tsinke tsutsata da farce. Na juya na koma masauki.

Washegari da hantsi Ta Kebbe ta kawo mini kunu da kanta. Ta ajiye a inda ta saba ajiyewa, amma ba ta tafi ba. Na ji ta zauna a cikin shagon, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, ka yi mani gafara. Zan yi magana."

Na ci gaba da kallon tabarma.

"Dokar lambun ga uku ta, ba biyu ba. Ba a shigo da dashen waje, sai wanda anka raina ciki. Malam Labbo bai gaya maka ba don ya ga ka riga ka zo da kwando. Tun ranar da ka buɗe shi sun ga abin da ke bayan ganyen. Nasiru surukinka na, ba shi iya ce maka a'a. Inna Kulu cin arziki taka yi a ƙasar mutane, ba ta iya gyara wa uban matar mai fili. Duk wanda ya kamu cikin nasu sun tuge sun ƙone. Naka ba mai iya taɓa shi. Kullum daga cikinsa abin ke tashi shina bin sauran, suna kallo. Jiya Nasiru bai ci abinci ba. Baba, ko ka tuge shi da hannunka, ko shi cinye abin da ya rage."

Na ɗaga kai na dube ta. Rabon da in kalli fuskarta sosai tun tana goye. Ashe har furfura ta fara fito mata a gefen kallabi. Ashe muryarta irin ta mahaifiyata ce, ban sani ba, domin ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Tana gamawa ta rufe fuska ta fita da sauri, kamar ita ce ta yi laifi.

Ban sha kunun ba. Na tafi lambun, na shiga fangalin nan na fara tugewa. Jikina bai gama warwarewa ba, ina tuge ɗaya ina hutawa. Mutane suka tsaya cak. Sai da na kai ƙarshen layin farko sannan Nasiru ya zo ya fara kwashe abin da na tuge, ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Iyakar abin da ya faɗa a kan maganar ke nan, har yau. Aka haƙa rami a wajen darni, aka zuba kara aka cinna wuta. Da nawa ya ƙare sai suka shiga nasu. Duk fangalolin tsakiya suka tafi, da 'ya'yansu a jiki, manya manya, saura ƙiris su nuna. Wata mata tana tugewa tana kuka ba sauti. Abin da ya tsira layukan can ƙarshe ne, na bakin darni, inda ya kamata a ce an kai nawa tun farko.

Na je na durƙusa gaban Inna Kulu, ni da furfurata, na ce ta yafe mini.

"Tashi, Malam, kar ka ɗora man wani nauyi. Ni na yafe. Amma tukunya ba ta san yafiya ba."

Malam Labbo ya so ya sanyaya mini zuciya. Ya ce abin nan yana da fiffike, iska ma tana kawo shi, wataƙila ko ban zo ba da ya zo. Na gode masa. Amma na ga inda ƙunar ta fara, kuma ni na tsinke ganyen nan masu zane a lambuna na rufe sauran da buhu.

Sauran zamana a lambun na yi shi. Inda aka tuge aka shuka rama da kuɓewa, ko da yake rijiya ta fara ja baya, ba a san ko za su kai ba. Na ja guga iyakar ƙarfina. Na koyi jiƙa dogon yaro, na daina yi masa dariya. Ɗan tumatirin da ya tsira aka yanka aka shanya. Shanyar da aka shirya wa fili guda, tabarmi kaɗan ta cika.

Da hanya ta buɗe, motoci suka fara tafiya a jere da rakiyar jami'an tsaro, na yi sallama. Nasiru ya raka ni tasha, ya sayo mini sabuwar hula. Har na zauna a mota sai ya miƙo mini wani ɗan ƙulli a leda ta taga. Na taɓa na ji kauɗa ce. Na ce wallahi ba zan karɓa ba.

"Ba kyauta ba ta, Baba. Doka ta. Duk wanda ya ja guga shina da kaso. In ka mayar, Inna Kulu ta ce a gaya maka ka raina su."

Ƙullin bai cika tafin hannuna biyu ba. Na ce, to ai da an ba ni kaɗan, an bar wa masu iyali. Nasiru ya kalli ƙasa kamar yadda ya saba.

"Daidai anka raba, Baba. Kason kowane gida ke nan."

Motar ta tashi. Hanyar dawowa ba abin da ya same mu, ko shingen ma hannu kawai suka ɗaga mana. Ni dai ƙullin nan na riƙe a cinyata, a inda na riƙe kwandon.

Yana nan rataye a ɗakina. Iyalina sun tambaye ni sau da yawa ko a saka a miya, na ce a bari. Yanzu zafi ya kai inda ya kai, ruwa bai sauka ba. Duk sa'ad da aka ajiye mini tuwo da miya ja, sai in ɗaga kai in dubi ƙullin, in tuna akwai gidajen da nasu ya daɗe da ƙarewa.

To kun ji abin da ya riƙe ni. Roƙona gare ku, ku 'yan majalisa da duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa: kada ku mayar da shi abin hira a kasuwa, domin mutanen nan sun rufa mini asiri, ba su gaya wa kowa ba. Kuma kada wani ya yi irin nawa. Idan furfura ta kai ka inda ba mai iya ce maka a'a, to kafin ka buɗe kwandonka ka tambaya, ka kuma tsaya ka ji amsar. In ka ga yaro ya kalli ƙasa, ya riga ya ba ka ita.